Famfon Yaya Oleta

Ranar da motar haƙa ta shigo filin Doyle Tackett ina zaune a bakin ƙofata da ƙafafuna cikin robar ruwan ɗumi, dawowata ke nan daga kamfanin kaji. Ya tsayar da motarsa ya sauke gilashi, bakinsa har kunne.

"Verna, kin kusa yin sababbin maƙwabta. Fuloti goma sha biyu zan ƙara."

"Allah ya sanya alheri," na ce. "Ruwan fa? Rijiyar nan za ta ɗauke mu duka?"

"Rijiyar Baba? Ai ko rabin Arkansas aka jona mata ba za ta san an yi ba."

Mu nan a gidajen tirela muke zaune, dogayen gidajen kwanon nan da ake jawowa a kan taya a dasa a fuloti. Gidan naka ne, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta Doyle ce. Duk wata ka biya shi kuɗin wuri, shi kuma ya ba ka ruwa. A baki ne kawai gidan yake tafiya. Nawa tun da aka dasa shi tayoyin suka ruɓe, in aka ce za a ja shi, a hanya zai tarwatse, haka na kusan kowa. Shi ya sa ba mu cika ɗaga wa Doyle murya ba.

Mutum ɗaya ce ba ta biyan ko sisi, yayarsa Oleta. Gidanta na can kan tudu, inda gidan iyayensu yake a da. Ita ta goya Doyle bayan rasuwar uwarsu, ita ta kuma sa hannu aka bar masa filin gaba ɗaya, a kan za ta zauna a tudun nan har ta mutu ba haya. Yaya yake kiranta, mu ma duk muka ɗauka, har fasto. Doyle kuwa ba abin da yake son faɗa a taro kamar wannan magana. Ko a jana'iza ka zauna kusa da shi sai ka ji cewa bai taɓa karɓar kwabo a hannun yayarsa ba.

Rijiyar da injin ruwan suna ƙasa, bayan gidan bulo na Doyle. Sababbin fulotan ma a ƙasa aka yanka su, a gindin tudun. Da aka fara kawo gidaje ana dasawa, ma'aikatan kaji suka cika wurin da iyalansu, kowa da injin wankinsa. Ruwan sai ya bi ta wajensu duka kafin ya fara tunanin hawa.

Wata Asabar na hau da burodin masara na kai mata. Na tarar da ita tsaye a kicin, ta dafa bakin wurin wanke-wanke da hannu ɗaya, tana kallon famfo. Ta murɗa shi, ya yi tari, ya tofar da ɗan ruwa mai launin shayi, ya yi shiru.

"Kin ji shi? Mura yake yi tun shekaranjiya."

"Kin gaya wa Doyle?"

"Auta na da abin da ya dame shi. Zauna mana, kin tsaya min a kai kamar mai bin bashi."

Ba wankan ne ya dame ni ba, ba kuma girkin ba. Yaya Oleta na da ciwon suga, kuma akwai gyambo a ƙasan diddigenta na hagu wanda ya ƙi rufewa tun bazarar da ta wuce. A gabana nas ta gaya mata: a wanke shi da ruwa mai tsabta safe da yamma, a sauya bandeji, a wanke safa da zanin gado, kada a yi wasa da shi. Ƙafar nan a kan ruwan famfon take tsaye.

Da na sauko na iske Doyle yana tsaye kan masu zuba siminti. Na ja shi gefe.

"Na sani, Verna, na sani. Ƙaramin inji kawai za a sa a tsakiyar tudun ya riƙa tura ruwan sama. Ba wani abu ba ne. Bari dai in gama da simintin nan, kin san yadda ya yi tsada bana?"

"Ƙafarta fa?"

"Yayata ce fa. Ke za ki fi ni sonta ne?"

Aka gama siminti, sai turakun lantarki. Aka gama turaku, sai ramin salga, don wanda aka haƙa da farko dutse aka tarar aka sake wuri. Bayan salga sai tsakuwar hanya, bayan tsakuwa sai banki. Duk lokacin da na tare shi yana da sabon abu a baki, kuma ba ƙarya yake yi ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Kowane ɗaya daga cikinsu gaskiya ne, na gani da idona. Injin yayarsa ne kawai kullum yake zama na gaba.

Matarsa Charlene ita tata hanyar daban ce. A bakin gidan mai ta tsayar da ni, tana gyara tabarau.

"Ke ma kin san Yaya da ɓarnar ruwa. Tumatirin nan nata da kuɓewa sun fi gida uku sha. Kuma na ce mata ƙofarmu a buɗe take, ta sauko ta yi wanka duk lokacin da ta so."

"Da wace ƙafar za ta sauko, Charlene?"

"To ai ba ta tambaya ba. In ta ce a zo a ɗauke ta, za a ƙi ne?"

Yaya Oleta ta tambaya sau ɗaya. Charlene ta shimfiɗa tsofaffin jaridu tun daga bakin ƙofa har banɗaki don kada gyambon ya taɓa mata sabon kafet, ta kuma bi bayanta da maganin fesawa. Daga ranar ba ta sake tambaya ba.

Ita ce ta gano lokacin da ruwan ke hawa. Ranar Lahadi da safe, in jama'a suka tafi coci, famfuna suka yi shiru a ƙasa, sai nata ya buɗe baki. Ba da ƙarfi ba, amma yana zuba. Sai ta jera tukwane da robobin madara da bahon wanka da duk abin da zai riƙe ruwa, ta ja kujera ta zauna a gabansa tana sauya su ɗaya bayan ɗaya, har mutane su dawo ya sake shaƙewa. Da wannan take lallaɓa mako.

Matar da tun ina yarinya nake ganinta a benci na biyu, ita ke ba da waƙa in mai fiyano ta makara, sai ga bencinta ba kowa. Mutane kuwa ba sa barin benci ya zauna ba magana. Aka ce ta yi fushi da sabon fasto. Aka ce tsufa ne ya fara taɓa mata kai. Charlene da aka tambaye ta sai ta yi ajiyar zuciya ta ce a dai sa ta a addu'a.

Fasto Harlan da kansa ya hau tudun wata Laraba, ina can ina sauya mata bandeji. Ya zauna a bakin kujera da hularsa a gwiwa.

"Yaya Oleta, mun yi kewarki. Ko akwai abin da muka yi miki?"

Na ɗaga kai na kalle ta. Ta danna min kafaɗa da yatsa.

"Ba komai, Fasto, ƙafar ce ba ta son benci. Za ka sha shayi?"

Ta sa na zuba masa shayi mai ƙanƙara da ruwan da ta tara don ƙafarta. Ya sha kofi biyu, ya yabi shayin, ya yi mana addu'a, ya kuma ce ta gode wa Allah da ya ba ta ƙane irin Doyle, don ba kowa ne zai ajiye 'yar'uwarsa kyauta a zamanin nan ba. Ta ce haka ne.

Da ya tafi na ce, "Me ya sa ba ki gaya masa ba?"

"In gaya masa me? Cewa Auta ya hana ni ruwa? Bai hana ni ba. Bai dai kai gare ni ba tukuna."

Zafi ya shigo. Tumatir ɗin ta fara bari, sai kuɓewar, ta ce da ma ta gaji da su. Sai ruwan Lahadin ma ya ɗauke, don sababbin maƙwabta yawancinsu ranar ce kaɗai hutunsu, ranar suke wankin mako. Ba laifinsu ba ne, sun biya. Na koma ina cika robobi a gidana ina kai mata a bayan mota in na taso aiki. Amma ni ma ba yarinya ba ce, kuma mai tsayuwa yini guda tana yanka fukafukin kaji ba ta dawowa da hannun ɗaukar ruwa. Wata rana in kai, wata rana a riƙe mu a wurin aiki. Doyle kan kawo katan ɗin ruwan kwalba in ya tuna, ya dire a bakin matakala ya danna hon. A zatonsa ya yi abin kirki, ita kuma sai ta leƙo ta taga ta ɗaga masa hannu.

Ta fara tattali. Wankin gyambo na safe da yamma ya koma na safe kawai. Ruwan da ta wanke ƙafa da shi, shi take zubawa a banɗaki. Safa ɗaya sai ta kwana biyu a ƙafa. Ɗakin ya fara wani wari da ba na son tunawa, ita ma tana ji, sai ta riƙa kunna kyandir mai ƙamshi in ta ji motata.

"Yaya Oleta, bari in kira duba-gari," na ce mata wata rana, na gaji. "Su zo su ga famfon nan."

"In sun zo sai su yi me?"

"Su tilasta masa."

"Su rufe rijiyar dai. Su ce gidaje sun fi ƙarfinta, su ci shi tara, banki ya ƙwace filin. Ke ina za ki ja wannan akwalar gidan naki ki kai? Masu yaran nan na ƙasa fa?" Ta gyara ƙafar a kan matashi. "Kuma ni ba zan kai ƙarar yaron da na yi wa wanka ba. Ki bar maganar."

Na bar maganar, don gaskiya ta faɗa.

Daga tagarta ana ganin filin duka. A nan ta ga abin da ya sa mata wani tunani. Wata mata a sabon fuloti na ƙarshe, bututunta ya fashe da safe. Ta je ta tsaya a ƙofar Doyle ta ce in ba ruwa ba haya. Kafin rana ta yi tsaka Doyle na durƙushe cikin laka da kansa, da mai gyara a gefensa.

"Kin ga?" in ji Yaya Oleta. "Ashe Auta na iya sauri."

Ranar ɗaya ga wata ta ce in kai ta gidansa. Ta sa rigarta ta zuwa coci, ta naɗe ƙafar da leda a kan bandeji don kafet ɗin Charlene. Muka same su a kicin suna cin wake da naman alade. Ta ƙi zama. Ta buɗe jaka ta ɗora kuɗi a kan tebur, kusa da farantinsa.

"Mene ne wannan, Yaya?"

"Kuɗin wuri. Kamar na kowa."

Ya ajiye cokali. Wuyansa ya yi ja har kunne.

"Wasa kike yi."

"Ba wasa nake ba, Auta. Ka sa ni cikin masu haya. Ba na son komai, abin da ake yi musu kawai nake so a yi min."

"Ni? Ni in karɓi haya a hannunki? Me Baba zai ce a kabarinsa? Me mutanen garin nan za su ce?"

"Ba sai sun ji ba."

"Verna na tsaye a nan!" Ya tura kuɗin da bayan hannu har suka zube ƙasa. "Shekara nawa kina tudun nan, na taɓa ce miki kawo? Yau za ki zo ki ci min mutunci a gaban matata, a kan tebur ɗina?"

Charlene ta sunkuya ta tattara su, ta naɗe, ta cusa mata a jaka ta ja zif.

"Haba Yaya, ai ba a haka. Jini fa ɗaya ne. Kin ɓata masa rai, dubi ko abincin ya kasa ci."

"Ruwa nake so," in ji Yaya Oleta a hankali.

"Na ce za a sa injin. Wata mai zuwa in hayar sababbin nan ta fara shigowa sosai. Ki daina mayar da ni kamar wani baƙo."

Har mota ya rako mu. Idonsa ya yi ƙwalla, da gaske, ba na wasa ba. Ya buɗe mata ƙofa ya ɗaga mata ƙafar ya sa a ciki da hannunsa. Muka hau tudun, na kashe mota.

"Ya ji haushi," ta ce. "Da ban je ba."

Wata mai zuwa ya zo, injin yankan ciyawa ya lalace. Wanda ya biyo baya kuma haraji ne. Ni kuma aka mayar da ni aikin yamma, sai ya zama ba na ganinta sai ƙarshen mako.

Wata Asabar na ƙwanƙwasa ba ta amsa ba. Na tura ƙofa na same ta a kan gado da rana tsaka, jikinta kamar murhu, tana kirana da sunan uwarta. Robobin duk sun bushe, sai rabin kwalba ɗaya a gefen gado. Da na ɗaga bargon na ga ƙafar, sai na mayar da shi na fita waje na kira motar asibiti. Ba zan faɗi yadda take ba.

A ƙasan gwiwa suka yanke. Likitan ya tambaye mu a baranda me ya sa aka bar shi ya kai haka, ba a wankewa ne? Doyle ya girgiza kai.

"Taurin kai gare ta, Likita. Ba ta faɗin abin da ke damunta. Ko coci ta daina zuwa."

Na buɗe baki, sai na ga yana kuka, kafaɗunsa na rawa, Charlene na shafa masa baya. Gajiyar da ta sauko min a wurin ta fi ƙarfin faɗa. Na nemi kujera na zauna.

Mai ƙafa ɗaya ba ta zama a kan tudu a gidan da ke da matakala. Gidan Doyle kuwa, in ji Charlene, ƙofofinsa sun yi wa keken guragu ƙanƙanta. Aka kai ta gidan kula da tsofaffi a cikin gari, aka ce na ɗan lokaci ne. Doyle ya ce ba kyau a bar gida ba kowa, ɓeraye za su cinye shi, gara a sa wani a ciki kafin ta dawo.

Wani direban babbar mota ya zo dubawa. Ya zaga ɗakuna, ya yaba iskar tudun, ya murɗa famfon kicin. Famfon ya yi masa tarin da ya saba. Mutumin ya ce shi ba zai biya kuɗin gidan da ba ruwa ba, ya nufi motarsa. Doyle ya bi shi da sauri yana cewa ya ba shi zuwa ƙarshen mako.

Washegari da safe na ga motar masu gyara a tsakiyar tudun. Mutum biyu ne da ɗan inji a cikin kwali, wanda mutum ɗaya ya sauke da hannu. Kafin su ci abincin rana sun gama sun tafi.

Ranar Lahadi na je wurinta. Tana zaune a keke a bakin taga, an yi mata wanka, gashinta a taje, bargo a kan cinya ya faɗa inda ƙafar take a da. Ta tambaye ni kowa da kowa. Sannan ta ce, "Tudun fa?"

Na yi niyyar yi mata ƙarya, na kasa.

"An sa injin, Yaya Oleta. Ruwa na hawa."

Ta juya ga taga.

"Da ƙarfi?"

"Da ƙarfi."

"To," ta ce. "Ai ya ce zai sa." Ta gyara bargon. Can ta ƙara, ba tare da ta dube ni ba, "Da ya karɓi kuɗin ranar nan, Verna."

Ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma haka.

Har yau in aka tashi lissafin abin da faɗaɗa filin nan ya ci, Doyle na iya jero maka shi a tsaye: siminti, turaku, salga sau biyu, tsakuwa, kuɗin ruwan banki. Har injin tudun yana sawa a ciki yanzu. Ƙafar yayarsa ce kawai ban taɓa ji ya ambata ba, don ba daga aljihunsa ta fita ba. Na zauna cikin masu haya duk rayuwata, na ga masu fili marasa imani, na ga waɗanda za su yanke maka ruwa don ka makara kwana biyu. Amma waɗannan kana iya zaginsu, kana iya kai su ƙara, kana iya riƙe kuɗinka. Ita ba a bar mata ko ɗaya ba. An ba ta kyauta, kyautar ta rufe mata baki, kuma da ta nemi a karɓe kyautar aka ce ta yi rashin kunya.

Direban nan da ya kama gidan haya mutumin kirki ne, yana gaishe ni. Duk Asabar yakan ja tiyo ya wanke motarsa a ƙofar gidan Yaya Oleta, ya bar shi a buɗe yana goge tayoyi da sabulu. Ruwan ya gangaro ta gefen hanya, ya wuce inda tumatir ɗinta yake a da, ya wuce sababbin fulotan, ya zo ya taru a bakin ƙofata. Sai na tsallake shi nake shiga mota.

Makon jiya a coci aka naɗa Doyle cikin dattawa. Da Fasto Harlan ke gabatar da shi ya ce ga mutumin da bai taɓa karɓar ko kwabo a hannun yayarsa ba. Jama'a suka ce amin. Ina benci na baya ina ji. Gaskiya ce ai, a gabana ya ƙi karɓa.